Maganin Gudu na Umma

Ranar wata Asabar ce cikin sanyi, shekarar da na cika sha biyu, ina durƙushe a falonmu na unguwar Moss Side ina ɗaura igiyar takalmi, sai ga fuskar gwanata a talabijin. 'Yar tseren Turkiyya ce mai dogon zango, wadda na yanko hotonta daga jarida na manna a jikin durowata. Amma ba gudu aka nuno tana yi ba. Mai labarai ya ce gwaji ya kama ta, an dakatar da ita, kuma za a karɓe lambar da ta ci. Baba ya ajiye kofin shayi ya ce, "Kash, ashe magani take sha." Bai rufe baki ba Umma ta ƙwala kira daga kicin: "Ramlatu, zo ki sha maganinki kafin ki fita!" Nan take na saki igiyar takalmin.

Ni dai tun ina ƙarama ban san zama ba. Umma kan ce kamar na ci ƙafar kare. Karatun Baba ne ya kawo mu Manchester, muka sami ɗakuna biyu a saman wani tsohon gida, inda ko tari ka yi na ƙasa sun ji. Tsohuwar da ke ƙasanmu har sandar share ƙasa ta tanada, tana dungurar silin duk lokacin da muka fara langa ni da ƙanena. Da abin ya ishi Umma sai ta mayar da duk aiken gidan kaina. Ni ce sayo madara, ni ce fitar da shara lungun baya, ni ce kai kaya shagon injinan wanki in dawo da shi a ka, yaran Turawa suna kallona. Ban taɓa zuwa aike da tafiya ba. Ko ruwa ake yi, kuma kullum yi ake, sai na yi tsere da motar bas daga wannan tasha zuwa waccan. A haka malamar wasanni ta hango ni ta sa ni cikin 'yan gudun makaranta. Da na fara ganin Baturkiyar nan da jar riga mai jinjirin wata da tauraro, na ce ai wannan tamu ce, ita zan zama.

Shi kuwa maganin, a gorar roba Umma ke zuba mini shi duk ranar atisaye. Ja ne wur, ga tsami ga yaji, in na kurɓa sai na ji zafi ya sauka har tafin ƙafata. Zoɓo ne, wanda 'yan'uwa ke cusa mana a jaka daga Kano, amma ba irin na biki mai zaƙi ba. Wannan takan cika masa citta da kanumfari da masoro, ta ce, "Maganin gudu ke nan, ba mai kamo ki." Hausata a lokacin rabi ce. Ban san a bakin Umma tuwo maganin yunwa ne, bargo maganin sanyi, bulala ma maganin rashin ji ba. Ni magani ɗaya na sani, wanda ake karɓowa a kemis.

Makon nan ban yi barcin kirki ba. Ga gasar makarantu a Birmingham ta matso, sunana yana cikin masu tafiya, ni kuwa gani nake kowane tsere da na ci na sata ne. In na tsaya ba daɗi, in na zauna ba daɗi. Na cire hoton daga durowa, na mayar, na sake cirewa. Na daina shan gorar, ina juye ta a magudanar bakin titi, sai kuma ƙafafuna suka yi mini nauyi don tsabar tsoro, na ce shi ke nan, ta tabbata. Ranar Alhamis na tare malama a bakin ɗakin sauya kaya, na faɗa mata da Turanci tiryan-tiryan cewa mahaifiyata tana ba ni maganin ƙara gudu. Baki shi ke yanka wuya. Kafin a tashi an buga waya gida, an kuma ce ba ni ba Birmingham sai an bincika.

Washegari Umma ta zo makaranta da tukunyarta a cikin jaka, da ƙullin busasshen zoɓo da citta, da gorar wanda ta dafa. Baba ya baro karatunsa a jami'a don ya yi tafinta. Aka zaunar da ita gaban mata biyu masu takarda da biro. Wa ya ba ta wannan ganye? Likita ya sani? Ƙanena ma tana ba shi? Umma, wadda a gida ba a kai ta magana, ta zama sai "yes" sai "no", tana murza bakin mayafi. Daga ƙarshe malama ta kurɓi zoɓon, cittar ta sarƙe ta, ta yi ta tari hawaye na zuba, kowa ya fashe da dariya. Har Baba ya dara. Umma ce kaɗai ba ta yi ba. A hanyar gida ta yi gaba da tukunyarta, karo na farko da na ga na kasa kamo wani. Sai a bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ni zan ba ki abin da zai cuce ki, Ramlatu?" Na tsaya ruwa yana dukana.

An mayar da sunana, na tafi Birmingham, na zo ta uku. Amma abin da na riƙe daga ranar ba lambar ba ce. Da safe Umma ta sa gorar a jakata ta ce, "Ga zoɓonki nan." Na jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Daga ranar ba ta sake kiransa magani ba, ko da wasa.

Na daɗe ina jin haushin Baturkiyar nan. Ita aka ce ta sha na gaske, amma Umma mai dafa zoɓo ce na ga an titsiye. Yanzu haushin ya huce, sai dai tausayi, don na san yadda ƙafa ke yi in an ce mata ta tsaya. Ina zaune a unguwar Edgbaston ta Birmingham, ina aikin gashin ƙashi a asibiti, kuma har gobe da gudu nake zuwa tashar jirgi ko ban makara ba. Su Umma sun koma Kano tuni. A shagon 'yan Afirka nake sayen zoɓo, in cika masa citta yadda na ga tana yi, 'yata ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce da Turanci ya yi yaji. Na taɓa tuna wa Umma zancen a waya, ta ce ita ta manta, ta shiga tambayar jikarta. Zoɓo dai ina sha har yau, sai dai babu mai ce mini in zo in sha maganina.