Zaman Godiya a Gidan Goggo

Goggo, yayar mahaifina, ita ta ƙirƙiro zaman. Duk Alhamis ɗin farko na wata, bayan la'asar, mata kan taru a gidanta da ke unguwar Utaibiyya a Makka, can hawa na sama a wani tsohon bene mai matattakala a tsaye. A karanta abin da ya sawwaƙa na Alƙur'ani, sannan Goggo ta rufe nata ta ce, "To, wadda Allah Ya yi wa wata ni'ima a watan nan ta faɗa mu ji, mu taya ta godiya." Ita ba malama ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Cewa take yi mutane sun iya taruwa don kuka da ƙorafi, ya kamata a samu wuri ɗaya da za a taru don godiya kawai.

Masu zuwa iri-iri ne. Akwai irinmu da aka haifa a nan Makka, Hausarmu rabinta Larabci. Akwai kuma waɗanda suka zo hajji da girmansu suka zauna ba takarda, masu aikatau a gidaje da masu sayar da abinci a bakin layi. A waje kowa ta san matsayinta, amma a ɗakin Goggo matashi ɗaya ake jingina da shi.

Dokar zaman guda ce: ba a katse mai magana. Daga wannan dokar duk wahalarmu ta samo asali.

Da farko akwai shiru. Goggo ta gama tambayarta, ɗaki ya yi tsit, ba a jin komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki da ke maƙale a taga. Kowa ta sunkuyar da kai tana nazarin zanen darduma kamar yau ta fara ganinta. Goggo kuwa ba ta tsoron shiru, tana iya zama haka har a kira magariba. In aka yi sa'a wata ta buɗe baki, sai kuma a shiga wata wahalar. Akwai mai sayar da turare daga unguwar Rusaifa, mace mai faɗin fuska da babbar murya, wadda godiyarta takan fara daga Ubangiji ta ƙare a kan sabon kayan da ya iso mata da yadda ƙamshinsa yake kwana a jikin abaya. Akwai tsohuwar da ba ta da labari sai mafarki, mafarkin kuma ba shi da ƙarshe. Na kuma tuna ranar da wata ta yi ta kwarara godiya a kan aikin da ɗanta ya samu, ta faɗi ofishinsa da motarsa, alhali wadda ke zaune kusa da ita a satin aka kama nata ɗan aka mayar da shi Najeriya. Ita mai godiyar ba ta sani ba. Mu duka mun sani.

Kowa ta ƙirƙiri hanyar da za ta tsira. Wasu su ja carbi da sauri, har a ji ƙwayoyin na karo da juna. Wasu su tuna ba su da alwala. 'Yan mata su ɓoye waya a ƙarƙashin mayafi suna tura wa juna saƙo, suna cije leɓe. Goggo da kanta tana da dabarar da ba ta karya doka: in magana ta yi tsawo, sai ta jira mai ita ta ja numfashi, ta ɗaga murya ta ce, "Ku yi wa Annabi salati!" Ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, kafin a gama mai maganar ta gane. Ni kuwa butar gahawa ce mafakata. Da na ji labari ya doshi inda bai kamata ba, sai in girgiza ta in nuna ta ƙare, in sulale kicin. Na sha juye gahawa mai kyau a tukunya don in samu dalilin dafa wata.

Umma, mahaifiyata, ba ta taɓa magana a zaman ba. Tana ƙarama iyayenta suka zo da ita daga ƙasar Sakkwato, ta girma a nan, ta yi aure a nan. Mace ce mai ƙarancin magana, ko a gida. Wurinta kusurwa, kusa da ƙofa. In Goggo ta tsokane ta ta ce, "Ke fa, ba abin da Allah Ya yi miki?" sai ta yi murmushi ta ce, "Ya sani."

Bayan rasuwar mahaifina, da ta gama takaba, muka koma zaman tare. Goggo ta yi tambayarta, shirun nan ya sauka, sai kawai na ji muryar Umma daga kusurwa.

"Na gode ma Allah da Ya ɗauki mijina kahin ni," ta ce. "Don da ni na riga shi, wallahi ko takalminai bai san inda yake ajewa ba."

Sai Goggo ta fashe da dariya tana share hawaye, ɗakin ya bi ta. Umma ta ci gaba. Ta ba da labarin ranar da ya yi ƙoƙarin dafa mata shayi tana jego, ya zuba gishiri. Ta faɗi yadda yake tsayawa a bakin ƙofa da burodin safe yana jiran ta yaba masa kamar shi ya gasa. Ban taɓa jin waɗannan ba. Ban ma taɓa jin ta haɗa magana mai tsawo haka ba, kuma da Sakkwatancin da ba ta yi da mu.

Daga nan kowane wata sai ta yi magana. Mata suka fara jiran nata. Ta ba da labarin mahaifiyarta da ke sayar da fura ga alhazai, da ambaliyar da ta taɓa shigo musu ɗaki suna yara, da yadda aka koya mata ɗinki. Na ji daɗi, amma a hankali na lura labaran sun fara zamewa. Takan fara abu ta ƙare a wani. Takan faɗi abin da Ummar da na sani ba za ta taɓa faɗa a gaban mutane ba.

Ana cikin haka sai aurena ya mutu. Na dawo gida wurinta, muka ce wa mutane na zo taya ta zama ne saboda kaɗaici. Ban da Goggo da yayana, babu wanda ya san gaskiya. Wata Alhamis ina tsaye tsakiyar ɗaki ina zuba wa baƙi gahawa, Umma ta ce:

"Na gode ma Allah da mijin ɗiyata ya sake ta. Yanzu kusa da ni take kwana. In na tashi ina jin numfashinta, ba ni jin tsoro."

Finjalin da ke hannuna ya cika ya tumbatsa, ya ƙona min yatsa, ban ji ba sai daga baya. Babu carbin da ya motsa. Na kalli Goggo ina jiran salatinta, amma ita ma bakinta a buɗe yake. Hanyar kicin kuma ta yi min nisa, don sai na tsallake ƙafafun mutane.

Mai turare ce ta yi magana. Ta gyara zama, ta buga cinyarta ta ce, "Masha Allah! Ni ma in za a fara godiyar saki, ai ni ce a gaba. Ranar da nawa ya ba ni takarda, na yi kuka har idona ya kumbura. Yau ga ni, ba mai tambayata ina za ni." Ta juyo gare ni. "Habibti, 'yar uwata, zuba min gahawar nan kafin ta huce."

Wata bazawara ta karɓa da nata labarin, wata ta ɗora. Kafin a kira magariba an ji mutuwar aure iri-iri, nawa ya zama ɗaya daga ciki. Da za mu tafi, mai turare ta matse hannuna a bakin matattakala. Ran nan ba ta ambaci kayanta ko sau ɗaya ba.

A gida na tambayi Umma a hankali me ya sa ta faɗa. Ta kalle ni da mamaki na gaskiya ta ce, "Na faɗi mi?"

Likita ya tabbatar mana da abin da muke gudu, ciwon mantuwa ne, kuma gaba zai yi. Yayana ya ji labarin abin da ya faru a zaman daga bakin matarsa. Ya zo gidan Goggo ina nan, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar yadda ya saba.

"Goggo, ina ganin Umma ta huta da zuwa."

"Ta huta da me? Wata ɗaya sau ɗaya?"

"Yau ta faɗi na ƙanwata. Gobe ba mu san me za ta faɗa ba. Mace ce da ta rayu da kamun kai. Ba na son a ƙarshen rayuwarta ta zama abin labari."

"Wa ya mayar da ita abin labari? Ka tambayi ƙanwarka abin da matan nan suka yi."

Suka juyo gare ni su biyu. Na faɗa masa abin da mai turare ta yi, ya saurara, ya ce, "Wannan karon." Ba mugunta ba ce ta sa shi, idonsa ya kaɗa lokacin da yake maganar. Goggo ta ce shekara da shekaru matar nan bakinta a rufe, yanzu da ya buɗe za a mayar da shi. Aka tashi ba a daidaita ba.

A ƙarshe ba ɗayansu ne ya yanke ba. Gwiwar Umma ta kumbura, matattakalar Goggo ta gagare ta. Aka ce sai ta warke. Kafin ta warke mai gidan da muke haya ya buƙaci gidansa, muka koma Ka'akiyya, nesa da kowa. Yaya ne mai mota, Alhamis kuma yana aiki har yamma. Wannan watan aka ce sai na gaba, na gaba aka ce zafi ya yi yawa. Duk wannan lokacin Umma tana iya magana. Takan zauna a bakin taga da la'asar, wani lokaci ta saka abayarta ta riƙe jaka, ba ta san inda take son zuwa ba. In na zauna na ce ta ba ni labari, sai ta ce, "Wane labari?" Ni kaɗai ba na isarta. Ɗakin take buƙata, da shirun, da fuskokin da ke jira.

Waɗannan watannin ne suke damuna har yau. Ba wanda ya hana ta da ƙarfi, ba wanda ya ce an daina. Kowa yana da uzuri mai kyau, lokaci kuma yana tafiya da abin da ya rage mata.

Goggo ce ta gaji da jira. Ta ɗauko zaman gaba ɗaya ta kawo mana Ka'akiyya, mata cike da motoci, da sambusa da dabino. Umma ta yi murna da baƙi, amma ba ta gane ko ɗaya ba. Ta yi ta zagaya su tana tambaya ko sun ci abinci, daga wace ƙasa suka zo, yaushe za su hau Arfa. Suka biye mata. Wata ta ce daga Kano, wata ta ce daga Maraɗi, mai turare ta ce ita jirginta jiya ya sauka. Da Goggo ta yi tambayarta, ba wadda ta yi magana. Duk Umma ake jira, an kuma jira da yawa. Umma ta zauna hannuwa a cinya tana yi musu murmushin da ake yi wa baƙi. Daga baya ta sunkuyo ta raɗa min, "A ƙara musu ruwa, sun sha hanya."

Ta rasu a shekarar da ta biyo. Muka yi mata sallah a Harami.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata rana Yaya ya ɗauke ni a mota zai kai ni wurin aiki. Mun yi nisa, sai ya rage rediyo.

"Wai me take faɗa a can gidan Goggo?"

Na ba shi abin da na riƙe: shayin gishiri, furar kakarmu, ambaliya. Yana tuƙi yana girgiza kai, ya ce shi bai taɓa jin ko ɗaya ba. Sannan ya tambaya, idonsa a kan titi, ko ta taɓa ambatonsa.

Ta taɓa. Na faɗa masa cewa wata Alhamis ta gode wa Allah da Ya ba ta ɗa wanda tun yana yaro, in za su tsallaka titi, shi yake riƙe hannunta ba ita take riƙe nasa ba. Ta ce har ya girma bai daina ba, wani lokaci riƙon yana yi mata zafi, amma ba ta taɓa faɗa masa ba.

Ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya kifa kansa a kan sitiyari, motoci na wuce mu suna hon. Na makara a wurin aiki ran nan, ban ce masa ya yi sauri ba.