Harafin da ke nufin matakala

Shekarar da na fara ɗinki a shagon kawuna a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, wuri ɗaya bai taɓa isata ba. Ina taka keke, idona na kan titi.

Bayan an sauko daga Arfa, wani tsoho ɗan ƙasar Sin ya shigo. Daga birnin Kanton ya ce yake, da Larabcinsa mai ɗingishi. Ya warware wani ƙyallen siliki da yake naɗe Alƙur'aninsa. Akwai rubutunsu a jiki da jan zare, amma asu ya cinye harafi ɗaya. So yake a mayar masa.

Kawu ya ja baya. "Ba ma ɗinka abin da ba mu sani ba. In sunan gunki ne fa?"

Na tambayi tsohon ma'anarsa. Ya karɓi allin ɗinkina ya zana harafin a kan tebur, sannan ya fita ya dafa matakalar gidan da ke kallonmu.

"Daraj," ya ce da Larabci, wato matakala, sannan ya faɗa da yarensu. "Bai."

Da ƙyar na fahimci sauran. A da can, ba mai kiran sarkinsu kai tsaye. Sai mutum ya ce "bai-ha", wato yana magana da na ƙasan matakalar gadon sarauta, su kai saƙon sama. Kakarsa ce ta yi aikin, gaisuwa ce ga sarki, ba a kai ga miƙawa ba sarautar ta rushe.

"Kawu, matakala ce kawai," na ce.

"To, kai ka jiyo."

Kwana biyu ina fama. Sau uku ina farkewa, zaren na zame min, na tashi na leƙa titi na dawo. Ran na uku da hantsi aka ce ayarin su tsohon ya tafi tashar Kudai. Na cije zaren, na fita da gudu ko takalmi ban sa daidai ba.

Na same shi a jikin tagar mota, tana shirin tashi. Ya duba aikin, ya daɗe, ya nuna min wani ɗan layi da na karkatar hagu maimakon dama. Na miƙa hannu in karɓa in gyara. Ya ƙi saki, yana dariya har da hawaye.

"Khalas, ya waladi," ya ce, wato shi ke nan, ɗana.

Mota ta ja. Ban koma shago ba. Na bi ta titin Mansur a ƙasa, na sayi ƙosai wurin wata 'yar Sakkwato, na ci a tsaye.