Karenmu da Gaisuwar Tsaye

Ni ban taɓa son kare ba, kuma ba ni na ce a kawo shi ba. Shekarar da muka koma wani ɗan gida a Limawa, ɓarayi suka haura katanga da rana tsaka ina kasuwa, suka kwashe mini awaki, har da tukunyar da na bari a kan murhu. Ba a daɗe ba maigidana ya dawo daga aiki da kwali ɗaure a bayan babur. Ya sauke a tsakar gida, sai ga ɗan kwikwiyo ja ya leƙo da kunnuwa a kwance. Wai wani abokin aikinsa ne ya ba shi.

Na ce, "Malam, wannan abin ne zai yi mana gadi? Ai ɓera ma sai ya kore shi."

Ya ce zai girma. Na ce to ya girma can nesa da kwanukana.

Ya kuwa girma, ya zama dogo mai ƙirji, haushinsa har bakin titi. A lokacin Allah bai ba mu haihuwa ba tukuna, dangina suna nesa, maigida kuma in ya fita da safe sai bayan la'asar. Ni kaɗai nake wuni a gidan, daga ni sai zafin Minna. Ban san ranar da na fara yi wa karen hira ba. Yana kwance a inuwar katanga, ina tankaɗe ina ba shi labarin mai kifin da ta cuce ni, yana karkata kai kamar ya san matar. Ban taɓa sa masa hannu ba. Da bakin tsintsiya nake sosa masa baya, shi ma ya san iyakarsa, bai taɓa sa baki a randa ko a kwano ba. Na so shi, wallahi na so shi, ko da yake da an tambaye ni a lokacin cewa zan yi gadi kawai yake yi.

Aibinsa ɗaya ne, kuma babba ne: tsalle. Tun babur ɗin maigida yana kwanar layi zai fara zagaye tsakar gida yana ƙugi. Da ya ji sallama, shi ke nan, hankali ya tafi. Zai miƙe a kan ƙafafun baya ya dafa masa ƙirji, harshe a waje. Shi kuma bawan Allah sai ya tattare riga har wuya, yana ja da baya yana kaɗa hannu, yana "Kai! Kai! Bari! Subhanallahi!" Karen ya ga riga tana filfilwa, mai rigar yana tsalle, to me zai ce in ba wasa ba? Sai ya ƙara ƙaimi. Kullum sai an canza kaya kafin magariba saboda yawu, kuma ba sai na faɗi wadda ke wankin ba. Wata Juma'a da damina ya buga wa farar shadda sawun jan laka tun daga kafaɗa har gwiwa. Na sha dariya a bayan ƙyaure, na zo wajen wanki dariyar ta ƙare.

Haka muke lallaɓawa har aka aiko cewa Inna, mahaifiyar maigida, za ta dawo wajenmu da zama. Ta zame a bakin rijiya can ƙauye, ƙugunta ya taɓu, da sanda take takawa. Maigida ya zaunar da ni ya ce, "Ranar da karen nan ya daka wa Inna tsalle ta faɗi, me zan ce wa 'yan'uwana?" Ya ce ya yi magana da wani mai gona ta wajen Zungeru, yana son kare. Na san gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya bar ni in gwada gyara shi kafin ta iso. Ya ce in gwada, amma in bai daina ba, zai tafi.

Na je wajen maƙwabciyata Maman tagwaye, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta tashi a gidan da ba a rasa kare. Shekaru da aurena, amma har lokacin amarya take ce mini. Ta gama saurara ta ce, "Amarya, kare kamar yaro ne. In ka yi ihu, zai ce wasa ne. In ka shigo, ka juya baya, kar ka duba shi, kar ka yi magana. In ya zauna, to ka gaishe shi."

Na gwada ranar da na dawo daga Kasuwar Kure da kaya a ka. Na shigo na ba shi baya, ina jin numfashinsa a dugadugaina. Ya yi tsalle, ya zagayo, na sake juyawa. Da ya gaji ya zauna, na ce, "Yauwa, sannu da gida." Cikin 'yan makonni ya gane da ni.

Maigida ne ya gagara. Zai shigo ya juya baya yadda na ce, amma da hancin karen ya taɓa bakin rigarsa sai ya zabura, "Kai!", a koma gidan jiya. Na ɗaure karen, ya yi ta kuka har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Wata rana maigida ya yi tasa dabarar: ya kashe babur tun daga kwana, ya turo shi, ya shigo a saɗaɗe ba sallama. Mutum da gidansa! Har ya kai ƙofar ɗaki karen bai farga ba. Sai ya tsaya ya ce ransa bai ba shi ya shiga gida haka kamar ɓarawo ba, ya koma bakin ƙofa ya rangaɗa sallama. Ranar har hula sai da ta faɗi.

Inna ta iso ana gobe muke tsammaninta, maigida yana wajen aiki. Ina shanya na ji keke napep ya tsaya, na ji sallamar tsohuwa. Kafin in yar da zanen da ke hannuna karen ya wuce ni kamar an harba shi. Na bi shi a guje, ko sunan Allah na kasa kamawa.

Tana tsaye a bakin ƙofa, hannu biyu a kan sanda. Ba ta ja da baya ba, ba ta ɗaga hannu ba. Ta kawar da fuska gefe, irin yadda manya ke yi wa yaron da ba su ga tarbiyyarsa ba, ta ce, "Ɗan wane gida ne wannan, yake gaida manya a tsaye?"

Karen ya yi cak. Ya ɗaga ƙafafun gaba, ya sauke. Ya zagaya ta, ya yi ƙugi, ya dube ni. Ba riga mai filfilwa, ba ihu. Inna tana nan tana kallon katanga. Can ya zauna, ya zame ya kwanta, ya ɗora haɓa a ƙasa, jela tana share ƙura. Sai a lokacin ta dube shi. Ta ce, "Yauwa. Mun same ku lafiya?" Ta wuce ciki, ni kuwa na bi ta da kayanta.

Daga ranar suka ƙulla. Kowace safiya in ta fito ta zauna a tabarma, zai zo ya kwanta daidai inda bakin sandarta ya kai, don nan ta sa masa iyaka. Ta tambaye shi kwana, ta ba shi labarin ƙugunta, da na gonar da ta baro, da na mutanen da suka rasu tun kafin a haife ni. In ta gama sai ta jefa masa ƙanzo. Ita ma ba ta taɓa sa masa hannu ba.

Maigida bai san da wannan ba, don duk bayan fitarsa ake yi. Abin da ya gani shi ne na wata yamma. Inna tana alwala a tsakar gida ya yi sallama, karen ya taso masa yadda ya saba, shi ma ya tattare riga yadda ya saba. Garin zagaye karen ya bangaji sandar Inna da ke jingine, buta ta kife, ta yi taga-taga ta dafa bango. Ba ta faɗi ba. Maigida bai yi faɗa ba, sai dai ya aika wa mai gonar nan ya zo ya ɗauki karen.

Ranar Asabar da hantsi mai gonar ya zo da igiya a hannu. Na shige kicin na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kukan da ban yi wa awakina ba. Daga nan na ji muryar Inna. Ba ta kiran sunan maigida, ɗan fari ne.

"Kai wannan. Ina za a kai shi?"

"Gona, Inna. Kar ya kayar da ke."

"Ni ya yi wa tsalle?"

"Saura kaɗan ki faɗi ranar nan."

"Kai ya yi wa tsalle. Kai ne ba ka iya shigowa gida ba, kana rawa da riga kamar an sa maka wuta. Fita ka sake shigowa in gani."

Na leƙo ta taga. Magidanci da furfura a gemu, ga baƙo yana kallo, amma uwa ta ce. Ya fita, ya jima kaɗan, ya yi sallama. Karen ya taso. Hannun maigida ya tafi wajen riga, Inna ta buga sanda a ƙasa. "Sake ta. Tsaya cik. Kar ka kalle shi." Ya tsaya, ido a rufe, gumi yana bin wuyansa. Karen ya miƙe, ya sauka, ya shinshina takalmi, jikinsa duk yana rawa don ɗoki. Ya daɗe yana fama da kansa kafin ya kwanta.

Inna ta ce, "To amsa masa mana. Ya gaishe ka."

Maigida ya buɗe ido ya ce, "Sannu," a hankali, kamar mai jin kunyar suruki. Mai gonar ya juya yana danne dariya.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Maigida ya matso ya ce, "Inna, duk da haka hankalina bai kwanta ba. Dabba ce, yau ya yi, gobe ba a sani ba."

Inna ta ce, "Ni da 'yar nan muke wuni a gidan nan, kai ba ka wuni. Da safe kana gaishe ni makullin babur yana hannunka, kafin in ce lafiya ka kai ƙofa. Ban ga laifinka ba, nema kake yi mana. Amma shi in ya kwanta a gabana, sai na gama maganata yake tashi. In ka ba da shi, wa zai tsaya in gama?"

Maigida ya sunkuyar da kai, ya juya ya ba mai gonar haƙuri, ya raka shi har bakin layi. Da ya dawo ya yi sallama a hankali, ya tsaya har karen ya kwanta. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gefen tabarmar Inna, ya ce, "Yaya ƙugun?"

Ta gyara zama ta faro masa tun daga ranar da ta zame a bakin rijiya. Na share fuskata na ɗora tukunya, don na san labarin yana da tsawo.