Ranar da Haƙorina Ya Faɗa Kwanon Surukai

Ko tsufa zai kwashe mini duk abin da ke cikin kai, har in riƙa neman rawanina alhali yana bisa kaina, akwai rana ɗaya da na san ba za ta fita ba. Ita ce ranar da aka tura ni Mafaza neman wa ɗan yayata aure, haƙorina ya bar bakina a tsakiyar jawabi.

Asalin maganar tun a Khartum ne. A lokacin ina koyar da Larabci a wata sakandare, kuma ni mutum ne mai ji da bakinsa, ta fuskar magana da ta fuskar murmushi. Ana saura 'yan kwanaki yaƙi ya ɓarke, cikin azumi, na ciji ƙwallon dabino wajen buɗe baki, haƙorina na gaba na sama ya tsage. Na je wurin wata likitar haƙori, ta ce sai an yi masa talbisa, wato hular da ake kifa wa haƙori. Ta sa injinta ta goge shi ta kowane gefe har ya koma kamar ƙwayar shinkafa, ta auna, sannan ta kifa masa wata farar hula ta roba.

Ta ce, "Ustaz, wannan ta wucin gadi ce. Sati biyu, in ta daɗe uku. Da gangan na kafa ta da abu marar ƙarfi, don in iya cire ta in ta ainihin ta iso. Kada ka ci abu mai danƙo, kada ka gutsuri komai da ita, asuwaki ma ka bi ta a hankali. In ta fita, ka wanke ta ka kawo ta a ranar."

Na ce, "Hadir, daktora," wato to, likita. Amma gaskiya ban ji rabin abin da ta faɗa ba, hankalina yana kan madubi. Haƙorin robar nan ya fi duk na halittata fari, har na fara jin haushin sauran.

Kafin sati biyu su cika, garin ya zama abin da ya zama. Ban san inda daktora ta nufa ba, ita ma ba ta san inda na nufa ba. Ni da matata da 'ya'ya muka tsinci kanmu a garin Gadarif, gidan yayata, muka raba tsakar gida da ita da awakinta. A cikin watannin farko babu wanda zai zarge ni don ban tuna da haƙori ba, mutum yana neman inda zai shimfiɗa tabarma. Amma bayan nan, abin da ya biyo baya nawa ne ni kaɗai, yaƙi ba shi da hannu a ciki.

A wata na huɗu ta fara fita. Ina cin masara gasasshiya, sai na ji iska mai sanyi ta soki ƙwaƙwalwata, na duba, ga hular a tafin hannuna. Yaya ta ce, "Ƙanena, likitocin Khartum sun cika bayan kasuwa, kowane lungu da allonsa. Tashi ka je." Na ce mata zan je. Ban je ba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ina tsoron ƙarar injin nan fiye da yadda nake tsoron kunama. Sai na tsaya wurin mai gyaran takalma na sayi gam, irin wanda yake kamawa nan take. Na shiga bayan ɗaki da guntun madubi, na ɗiga, na danna. Haƙori ya zauna, babban yatsana kuma ya zauna a leɓena. Sai da matata ta zo da ruwan ɗumi ta raba mu, tana dariya har tana dafa bango.

Sau uku na yi wannan aikin cikin wata shida. Kowane karo hular tana ƙara karkacewa kaɗan, dasashi yana ƙara ja. Ruwan sanyi ya zama abokin gaba. Da wani wari ya fara tasowa, na koma tauna kanumfari, mutane suna cewa Ustaz ɗan gayu ne.

Ana cikin haka maganar auren ɗan yayata ta taso. Mutum ne ɗan shekara talatin, direban tarakta a wani mashru'i, wato babbar gonar dawa, wajen garin Doka, mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Yana son wata yarinya a Mafaza, gidan masu shanu da gona a bakin kogin Rahad. Sau biyu ana aikawa, sau biyu ana cewa za a duba. Yaya ta kira ni ta ce, "Wannan karon kai za ka je. Ka zuba musu Larabcin nan naka su san yaron yana da dangi. In suka sake cewa za su duba, to an ba wani."

Shi kansa ya same ni a gefe ya ce, "Kawu, don Allah. Shekara biyu ina jira."

Na ce masa ya je ya fara neman ɗinkin ango. Haka nake magana a lokacin.

Muka tafi ni da baffan yaron, wani manomi wanda in ya yi magana sau uku a yini to ya yi surutu. Na sa farar jallabiya, na naɗa rawani, na kwana biyu ina haddace jawabi. Muka isa da hantsi, aka shimfiɗa mana a ƙarƙashin rakuba, wato rumfa. Ga mahaifin yarinyar, fuska ba yabo ba fallasa, ga ƙannensa biyu, ga kuma kakanta, tsoho tukuf a kan angarib, gadon nan na igiya, bakinsa babu haƙori ko na rantsuwa.

Aka kawo jabana, butar gahawa, da faranti cike da simsimiya, kantun riɗin nan da ake ƙulla shi da sukari. Na sha gahawa na kauce wa farantin. Tsohon ya lura. Ya ce, "Ustaz, jikata ce ta yi da hannunta. Ni ba ni da abin ci, kai da kake da farare irin waɗannan me ya hana ka?" To, wanda ya zo neman yarinya ba ya ƙin abin hannunta. Na ɗauka, na tura shi can gefen baki. Amma simsimiyar Gadarif ba ta san gefe ba. Ta zagayo, ta kama hular, ta ja. Na ji ta motsa. Na danna ta da harshe, na ce a raina, ki yi mini haƙuri na awa ɗaya.

Sai ga siniya, babban tiren abinci, tuwon asida a tsakiya yana iyo cikin mulah, miya ja mai yauƙi. Muka wanke hannu muka kewaye ta. Bayan loma biyu uban yarinyar ya ce, "Ustaz, bismillah, me ke tafe da ku?"

Na gyara zama, na gyara murya, na fara da hamdala mai tsawo. Abin yana tafiya yadda nake so, har na ga ƙannen suna gyaɗa kai. Na iso inda zan ce "fa'innahu", na cika baki da iska don kalmar ta fita da kwarjini. Ta fita kuwa, tare da haƙori. Na gan shi da idona ya yi tsalle ya faɗa cikin mulah, can ɓangaren tsohon, ya nutse.

Babu wanda ya gani, kowa idonsa na kan lomarsa. Na ja leɓen sama na rufe, na ci gaba. Amma duk inda harafin sin ya zo sai bakina ya yi fito kamar mai kiran awaki. Baffan yaron ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa rabin hankalina yana cikin miya. Ladabi ya ce ka ci gabanka, haƙorina kuma yana gaban wani. Ina kallo tsohon ya yanki asida, ya dangwala daidai wurin, ya kai baki. Ya mamula sau biyu, ya tsaya. Ya sa yatsu ya zaro, ya ajiye a bakin siniya, abin ya ce ƙwas.

Ya ce, "Dutse."

Fuskar uban ta canza. A gaban baƙi, kuma baƙin neman aure, a ce an sami dutse a girkin 'yarsa. Ya juya wajen zanan da ya raba mu da mata ya ɗaga murya yana tambayar wa ya tsince kayan miyar nan. Na ji motsi ya ɗauke a can ciki. Na san yarinyar tana tsaye a bayan zanan nan tun da muka zo, kuma na san abin da zai same ta bayan mun tafi.

Allah ya sani, na yi tunanin yin shiru. Daƙiƙa kamar biyar na yi ina auna mutuncina da nata. Sannan na ce, "Baba, ba dutse ba ne. Nawa ne." Na ɗaga leɓe.

Abin da suka gani ni ban gan shi ba sai daga baya: wani ɗan tsinke baƙi-baƙi a tsakiyar dasashi kumburarre. Tsohon ya dubi bakina, ya dubi abin da ke bakin siniya, ya goge shi da gefen rigarsa ya kai kusa da ido. Sai ya fashe da dariya, har tari ya sarƙe shi aka miƙo ruwa. Da ya farfaɗo ya ce, "Shekara ashirin ina roƙon Allah ya mayar mini da haƙori ko ɗaya ne. Ashe daga Khartum za a aiko shi, kuma a miya!"

Rakuba ta rushe da dariya, har daga bayan zana ina jiyo ta mata. Uban kansa ya rufe fuska da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Jawabina ya mutu a nan. Baffan yaron ne ya ƙarasa, ya ce, "Yaronmu yana sallah, yana aiki, yana riƙe da uwarsa. Muna roƙo." Tsohon ya ce wa ɗansa, "Ba su. Wanda ya iya buɗe wannan bakin a gaban jama'a ba zai ɓoye mana komai ba." Aka yi fatiha, ni hannu ɗaya a sama, ɗaya a baki.

Washegari Yaya da kanta ta raka ni bayan kasuwa, kamar mai kai yaro kaciya. Likitan, wanda shi ma gudu ya kawo shi daga Madani, ya juya hular a hannu ya ga busasshen gam hawa uku. Ya ce, "Ustaz, wane kafinta ne ya yi maka wannan?" Na ce ni ne. Ya tambayi tun yaushe take bakina, na ce wata goma. Ya ajiye ta ya ce, "Abin sati uku. Duk lokacin da ka liƙa ta, ƙazanta kake rufewa a ciki. Da ka zo ranar da ta fara fita, minti goma ya ishe ni. Yanzu ruɓa ta kai saiwa, babu abin da zan ɗora wa hula." Ya cire shi a ranar. Da giɓi na ci bikin, kuma duk hoton da aka ɗauka bakina a rufe yake kamar mai takaba. Sai bayan watanni aka yi mini na roba mai kyau, wanda nake wankewa yanzu kamar jariri.

Abin da na koya shi ne, mutum yana iya samun babban uzuri ya ɓoye ƙaramin tsoronsa a bayansa. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce yaƙi ne ya cinye mini haƙori, a tausaya mini, alhali tsakanina da likita tafiyar rubu'in awa ce a ƙafa. Ɓarakar da kake liƙewa a ɓoye ba ta warkewa, jira take jama'a su taru. In ka ga tana motsi, kai ta wurin mai aikinta tun kana da zaɓin ranar, kafin ita ta zaɓa maka.