Teburin Gugar Babana

Shekarun baya can, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da saba'in, mahaifina ya rasu ya bar mini sana'ar wanki da guga a Unguwar Sarki. Gadon nawa dutsen guga ne na gawayi da teburi guda. Shi marigayin gajere ne, ni kuwa Allah ya zuba mini tsawo kamar gora. Haka nake wuni tsaye, a ranƙwafe kan teburin da bai wuce cinyata ba.

Ban shekara ba ƙuguna ya riƙe. Ruku'u ma sai na dafa bango. Na sha ƙaho wajen wanzami, na shafe kwalaben man zafi, duk a banza. Kayan mutane suka fara kwana ba guga, wasu suka kwashe nasu. Tsoro ya kama ni sosai, kada sana'ar da ta ciyar da gidanmu ta mutu a hannuna.

Akwai wata nas, mutuniyar kudancin Kaduna, da nake goge wa fararen kayan aiki. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Ɗana, ba ƙaho kake buƙata ba. Ɗaga teburin nan ya kai ƙugunka. Ajiye bulo a ƙasa kana ɗora ƙafa ɗaya, kana sauyawa. In ka gama riga biyar, ka miƙe ka ɗan taka."

Na ce, "Sista, teburin babana ne. Yadda ya bar shi haka zai zauna."

Ni a dole mai biyayya. Da na kai wa mahaifiyata labari ina jiran yabo, sai ta bushe da dariya.

"Kai dai Allah ya shirye ka! Je ka duba ƙafafun teburin."

Na kifa shi. Ga sawun zarto nan a ƙafa huɗun, ko daidai ba su yi ba.

"Da tsawonsa babanka ya sayo shi," in ji ta. "Baya ya dame shi, ya ari zarto ya rage. Shi bai bauta wa katako ba, sai kai?"

Ranar na jera bulo huɗu a ƙasansa, na biyar a gaban ƙafata. Na riƙe ƙa'idar riga biyar ko da kaya sun taru har rufi. Sannu a hankali ciwon ya sassauta, masu kawo kaya suka dawo.

Ashe wajen kare teburinsa na kusa kashe sana'arsa. Har yau in na tuna, kunya ce ke fara zuwa kafin dariya. Shekara talatin na ƙara ina guga a kan teburin nan, a tsaye cak.