Yaya Rahmatu, Matar da Ta Mai da Babu Abin Dariya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba 16 ga Oktoba, 2024, da hantsi, ina shagona na gyaran waya a unguwar Adidogomé da ke Lomé, Mounira 'yarki ta kira ni. Abin da ta ce kawai shi ne, "Kawu, babu Mama." Wallahi Yaya, sai da na ɗan tsaya ina jiran in ji dariyarki a bayan wayar, don a gidanki duk maganar da ta fara da babu, da dariya take ƙarewa. Kukan Mounira na ji.

Ni ne Zulkifli, ƙaninki da kika goya bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ke kika kai ni makarantar boko da hannunki, ke da ba ki taɓa zama a aji ba. Da cinikin atamfa a babbar kasuwar Lomé kika ciyar da ni, kika aurar da ni, kuma bayan rasuwar mijinki da shi kika riƙe 'ya'yanki.

Sai gobarar watan Janairu na 2013 ta cinye kasuwar. Da safe na raka ki, muka tsaya a bayan igiyar da aka gitta, hayaƙi na tashi daga inda kika shekara goma sha tara kina zama. Mata na ta faɗuwa ƙasa suna kuka. Wata maƙwabciyar rumfarki ta riƙe ki ta ce, "Rahmatu, me kika tsira da shi?" Kika ce, "Na tsira da babu. Shi kaɗai wutar ta ƙi ci." Matar ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Ni ma na yi.

Daga ranar kika naɗa masa rawani, ya zama Alhaji Babu, baƙon da ya sauka a gidanki a Zango ya ƙi tafiya. Kika kafa teburin koko da ƙosai a ƙofar gida. In wani ya makara ya tarar tukunya ta ƙare, ya tambaya me ya rage, sai ki ce, "Akwai babu, da zafinsa. A zuba na mutum nawa?" Kina cewa duk cikin kayan sayarwa ba wanda ya kai shi albarka, ba ya tsami, ba ya son firij, ko ɓera ba ya taɓa shi. Ranar da ɓarawo ya fasa ɗakinki ya fita hannu wofi, kin ce a bar shi, ai ya sace miki babu mai yawa, kuma da kika duba ko kaɗan bai ragu ba. Samarin unguwa da ke ce miki "y a rien", wato babu da Faransanci, kina gaya musu su gaishe shi, ɗan'uwan Alhaji ne da ya yi karatu.

Amma ban taɓa ganin wanda ya zo teburinki da yunwa ya koma da ita ba. Masu dako, masu babur ɗin haya da muke kira zemijan, baƙin da motar Yamai ta sauke ba su san kowa ba, duk sun sha kokonki. Oumou, wadda yau take da shaguna biyu a unguwar Agoè, a rumfarki ta koyi auna yadi, ke kika haɗa ta da dillalai. Wata shida kina ciwo ba ta leƙo ba. Ranar rasuwarki ta sa hotonki a waya da dogon rubutu, ta ce ta yi rashin uwa. Na karanta, raina ya ɓaci, har na fara rubuta mata amsa. Sai na goge, domin na tuna ba ni da bakin yi wa kowa gori.

Ciwon ciki ya fara miki a watan Afrilu. A wani ƙaramin asibiti suka yi miki hoto suka ce ba su ga komai ba. Kika kira ni kina dariya: "Likita ya leƙa cikina ya ce babu komai. Na ce masa ai da ya tambaye ni, tun jiya ban ci ba." Na yi dariya har na maimaita wa abokan aikina. Ban tambaye ki me ya hana ki ci ba.

A watan Yuni, ranar wata Alhamis, kika sake kira. Kika ce, "Zulkifli, jibi Asabar kana da aiki?" Na ce akwai, me ya faru? Kika yi shiru kaɗan, kika ce, "Ba komai." Na ji shirun nan, Yaya. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, na ji shi. Amma Asabar ranar ciniki ce, hanyar Zango kuma ga cunkoso, sai na karɓi ba komai ɗinki da hannu biyu, na ce zan shigo wani makon. Wata uku ban shigo ba.

Sai daga baya Mounira ta gaya mini cewa a Asabar ɗin ne aka ce ki je babban asibiti karɓar sakamakon gwaji na biyu. Faransancinki na kasuwa ne, bai kai na likitoci ba, kuma ba ki so a ce 'yarki ce za ta fassara miki mummunan labari ba. Shi ya sa kika neme ni. Kika hau zemijan ke kaɗai. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta yi miki bayani da yaren Mina cewa ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Kika ninke takardar kika sa a ƙarƙashin katifa, washegari kika fito kika soya ƙosai.

Mu duka mun ga kina ramewa, ko mun ji labari. Maƙwabta sun ga zanenki na zagaye ki sau biyu. Amma muddin kina ba mu dariya, ba wanda ya so ya ɓata hirar da tambaya. Mun saba zuwa wurinki mu sauke damuwarmu mu tafi. Shekara goma sha ɗaya kina cewa babu, muna tafa hannu, ba wanda ya taɓa zama ya ce, "To Rahmatu, me za a kawo?"

Da na zo a ƙarshen Satumba, ban gane ki ba sai da kika yi magana. Kika ce, "Ka gan ni ko? Alhaji Babu ya gama da tukunya, yanzu ni ya fara ci." Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Na durƙusa a gefen katifarki na ce, "Yaya, ki yafe mini Asabar ɗin nan." Ina jiran ki ce ba komai, don in samu in miƙe. Kika kalle ni, kika ce, "Da komai, Zulkifli. Ranar nan na ji tsoro ƙwarai. Na yi ta duba ƙofa ko za ka shigo. Amma na yafe maka."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba, kuma na gode da ba ki sauƙaƙa mini ita ba. Kwana goma sha takwas na samu ina zama kusa da ke, ina ba ki ruwa da cokali. Su ne kaɗai abin da zan iya nunawa.

Ya Allah, ga baiwarka Rahmatu ta zo gare Ka. Ka jiƙan ta, Ka yafe mata kurakuranta, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita kamar yadda ta shayar da bayinKa, Ka sada ta da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Mounira da ƙannenta, da dangin mahaifinsu, da jama'ar Zango baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri. Mu kuma da muka rage, Allah Ya yafe mana abin da muka gani muka kau da kai, Ya sa mu cika da imani. Amin.