Waƙar Mama a Bakin Turawa Huɗu

Ɓarayi na kira su ranar da na fara jin su. Da ƙarfi kuwa na faɗa, da Hausa, a tsakiyar falon wata tsohuwa 'yar Jamaika wadda ko "sannu" ba ta sani ba.

Shekarata ta biyu ke nan a London, ina aikin kula da tsofaffi a Tottenham. Wannan tsohuwa ita ce tawa ta ƙarfe goma na safe: in yi mata wanka, in shafa mata mai a ƙafa, in haɗa shayi, in tsaya a kanta har ta haɗiye magani. Kaka nake ce mata. Ta tambayi ma'anarsa sau ɗaya, na faɗa mata, ta ce ya yi. A ƙarƙashin talabijin ɗinta akwai kaset-kaset na bidiyo jibge, duk na waƙoƙin coci na Turawan kudancin ƙasar Amurka. Ni ban ma san akwai irin wannan waƙa a duniya ba. Ran nan ta ce in saka mata ɗaya, na saka, na koma kicin.

Ina juya shayi na ji muryar waƙar. Cokali ya tsaya a hannuna. Na fito na tarar da maza huɗu cikin kwat, gashi ya sha mai ya kwanta, na biyar yana dukan piyano kamar ya yi masa laifi. Ɗaya muryarsa siririya kamar ta budurwa, na ƙarshe kuma ƙato, in ya buɗe baki sai ka ce an tayar da injin niƙa. Kalmomin Turanci ne, amma hawa da saukar muryar, da inda ake tsayawa a ja numfashi, duk na waƙar uwata ne. Ba kama ba ce, ita ce.

Kaka ta ce me ya same ni. Na ce mata waɗannan mutane sun saci waƙar uwata. Ta dube ni ta saman tabarau, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Yarinya, kakata ta rera mini wannan waƙa tun ba a haifi uwarki ba." Allah ya sani, da ba aikina ba ne kula da ita, da ranar ta haɗa shayinta da kanta.

Sai an san garinmu za a gane abin da ya ƙona mini rai. A can ƙauyenmu, bayan Jos, kowace babbar mace a zumuntar mata ta coci tana da waƙarta. Ba a rubuce take ba, kowa dai ya san ta wance ce. Ranar da mace ta rasu, matan zumunta sukan ɗaura zanensu iri ɗaya, su ɗauko caki da tulun da ake dukan bakinsa da guntun soso, su raka akwatin gawa daga gida har kabari da waƙarta. Amma ba su suke farawa ba. 'Yarta ta fari ce take ba da waƙar, su kuma su amsa. Mama ita ce shugabar zumunta shekara da shekaru, ba ta san ko harafi ɗaya ba, kuma waƙarta har ƙauyukan da ke kewaye ana yin ta. Takan ce, "Na yi shuka, ruwa ya ɗauke," mata su amsa, "Mai sama bai yi barci ba." Ni ce babbar 'yarta mace. Tun ina ƙarama take jan kunnena: "Ke za ki ba da ita, kada ki ba ni kunya."

To wannan ce fa na ji a bakin mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba, suna murmushi, suna maganar wani gida mai titin zinariya.

Ranar Asabar na sayi katin waya, na kira shagon da ke da waya a garinmu, aka je aka kira Mama. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na ce, "Mama, Turawa sun sace waƙarki, har sun sa ta a talabijin!" Sai na ji irin dariyar Kaka, wannan karon daga bakin uwata. Ta ce, "Wa ya ce miki ni na yi muryar?" Na ce kowa ma. Ta ce to ita ba ta taɓa faɗa ba.

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kafin a haife ni ta yi jinyar yayana a asibitin mishan, wata biyu, bai tashi ba. Akwai wata nas Baturiya da takan yi wannan waƙa ƙasa-ƙasa in tana wanke masa ciwo. Mama ba ta jin Turanci, muryar kawai ta shiga kanta. Ta dawo gida hannu wofi, a shekarar kuma damina ta yi gardama, sai ta zuba wa muryar abin da ke cikinta. Ta ce, "Ita ta ba ni yadi, ni na ɗinka." Na gaya mata abin da Turawan suke cewa a tasu. Ta ce, "Titin zinariya? Me zan yi da shi? Ni ruwa nake nema."

Na ajiye waya ina jin haushin kowa: Turawan, Kaka, har Mama da ta bar ni shekara talatin ina tutiya da abin da ban san kansa ba.

Haushi bai hana kunne ji ba. Kullum ƙarfe goma Kaka tana saka kaset, ni ina goge mata ƙafa ina cewa ba na saurare. Cikin wata guda na san inda ƙaton nan zai gangara da muryarsa ƙasa, har ina jiransa. Na gane abin da suke yi ba shi da nisa da namu: ɗaya ya bayar, uku su tare shi. Na naɗa wa Mama waƙar a kaset na aika mata ta hannun wata mai tafiya gida. Saƙon da ta aiko shi ne, "Suna da murya, ba laifi. Amma ina tulunsu? Haka ake yi wa Allah waƙa a bushe?"

Bayan shekara uku Mama ta rasu, ranar wata Talata cikin damina. Fasfona yana ofishin shige da fice na Croydon ana sabunta mini izinin zama, ba halin fita. Na yi kuka, na yi waya, na yi duk abin da mutum yake yi, aka binne ta ranar Juma'a ba ni. Da na samu ƙanwata a waya, tambayata ta farko ita ce wa ya ba da waƙar. Ta ce, "Yaya, ba wanda ya bayar." Na ce ban gane ba. Ta ce matan sun nemi ita ta yi, ta buɗe baki, sai mataimakiyar Mama ta dafa ta ta ce marigayiya ta faɗi sunan mai yi, ba za a sauya mata ba. Da tulu kawai suka raka ta, tun daga ƙofar gida har kabari, ba wanda ya ce uffan. Uwata, wadda ta raka matan gari da waƙa shekara arba'in, ta tafi shiru saboda ni.

Don haka da na je wurin faston cocinmu na Tottenham neman a yi mata sujadar tunawa, abu ɗaya nake so. A ba ni minti biyar in ba da waƙar, a amsa mini. Cocin namu wani zaure ne a saman shagon kafet, 'yan Najeriya da 'yan Gana a gauraye, mu 'yan arewa wajen gida goma. Fasto ya ce in ga shugaban mawaƙa.

Shi wannan shugaban mawaƙa ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu ne. Uwarsa da kanta ta buga tulu a bayan Mama. Ya yi karatun kiɗa, yana da kirki, ban taɓa samun matsala da shi ba. Na rera masa baiti ɗaya, sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Anti, ai mun san wannan! Muna da original ɗin, da muryoyi huɗu. Za mu yi wa Mama ita yadda ya kamata."

Yadda ya kamata! Na ce masa, "Ƙanena, ta Mama nake so, da Hausa." Ya ce jama'a ba za su gane ba, yara ma ba sa ji, kuma ta gida akwai inda aka ja ta ta fita daga ma'auni, ba za ta hau kibod ba. Wai ta fita daga ma'auni. Matar da ta binne ɗa ta dawo ta tarar da gona ta bushe, ita ce za a auna wa numfashi da kibod? Na ce waƙar da uwarka ta yi wa kiɗa ce kake kira kwafi? Ya ce shi bai ce kwafi ba. Bai ce ba, amma na ji ta. Na koma wurin fasto, ya ce, "'Yar'uwa, ki yi haƙuri, zauren nan ƙarfe biyu wasu za su shiga, kuma ai waƙar ɗaya ce." Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ma na san muryar ta Turawan ce. Da ban sani ba, da na yi faɗa da ƙarfina duka. Sanin ya ɗaure mini harshe, na fito.

Ranar Litinin na zazzage wa Kaka komai ina shafa mata mai, har ta ce in sassauta, ƙafarta ce ba ta shugaban mawaƙa ba. Ta ce a zo a ɗauke ta ranar sujadar. Na ce akwai matakala. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Lahadi ta zo. Maza biyu suka hau da Kaka a kujerarta, aka ajiye ta a gefena, sandarta a kan cinya. Aka yi addu'a, aka yi wa'azi, mawaƙa suka tashi. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun iya. Muryoyi huɗu suka hau juna lafiya lau, ga hoton Mama a kan tebur da zanen zumunta, ana yi mata albishir da titin zinariya cikin harshen da ba ta ji. Suka gama baiti na farko, mai kibod yana ɗan zagaye kafin na biyu. Ban shirya ba. Na dai tsinci kaina a tsaye.

"Na yi shuka, ruwa ya ɗauke."

Muryata ta fashe a tsakiya. Kibod ya tsaya. Ba wanda ya amsa. Na juya na dubi layin baya inda matan yankinmu na Jos suke zaune, mata shida, kowacce ta san amshin nan tun tana goye a bayan uwarta. Ɗaya tana duban takalminta, ɗaya tana gyara wa 'yarta ribbon, ɗaya ta ƙura wa fasto ido tana jiran izini. Har yau in na tuna wannan shirun sai zuciyata ta tafasa. Waƙar bayarwa in ba a amsa ba, ba waƙa ba ce, ihu ne kawai. Na sake bayarwa, na ce ko ni kaɗai ce sai na kai ta ƙarshe.

Sai na ji ƙwal, ƙwal, ƙwal a kan katakon ƙasa. Kaka ce take buga sandarta, daidai inda tulu yake faɗawa. Ta buɗe baki ta amsa mini da tsohuwar muryarta mai rawa, da Turancin kakarta, don shi ta sani. Kalmominta daban, nawa daban, amma ta shigo daidai wurin da ake shigowa. Na ba da na uku. A nan ne kunya ta kama layin baya, wata ta amsa ƙasa-ƙasa, sauran suka bi, har aka samu mai tafi. Na yi baiti bakwai ɗin Mama duka, ban rage ko ɗaya ba, na ja inda take ja. Ƙarfe biyu ta wuce, masu jiran zaure suka jira.

Da aka tashi matan suka zo suna rungume ni suna cewa na tuna musu gida. Na karɓi gaisuwarsu, amma sai da na ce wa babbarsu, "Sai da baƙuwa ta amsa kuka tuna?" Shugaban mawaƙa ya zo ya ce in rubuta masa kalmomin, zai tsara su. Na ce Mama ba ta rubuta ba, ni ma ba zan rubuta ba, in yana so ya zo gidana ranar Asabar ya koya da baki kamar yadda uwarsa ta koya. Har na bar cocin bai zo ba.

Na kira ƙanwata na ce ta gaya wa matan zumunta an bayar, an kuma amsa. Ta ce wa ya fara amsawa. Na ce wata tsohuwa ce, ba su san ta ba.

Washegari ƙarfe goma ina gidan Kaka. Na yi mata wanka, na haɗa shayi, ta ce in saka kaset. Na zaɓo wancan na farko da hannuna. Da maza huɗun suka fito da kwat ɗinsu da murmushinsu, na ƙara sautin talabijin, na jira siririn ya ja numfashi, na riga shi shiga da kalmomin Mama. Sauran ukun suka biyo baya, ƙaton ya gangara ƙasa daidai kan lokaci. Kaka ta ce, "Yau ba ɓarayi ba ne?" Na ce ɓarayi ne mana, amma tunda sun iya amshi, su tsaya nan su yi wa uwata.